Wii: Rimot mai rabin gani da ya tayar da duniya tsaye a gaban talabijin

A ranar 19 ga Nuwamban 2006 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo a kasuwannin Amurka, wadda ya raɗa wa suna Wii. 'Yar farar aba ce da girmanta bai wuce kwalin faifan DVD uku a haɗe ba, kuma tun ranar da ta fito kowa ya san ita ce mafi rauni a cikin sa'o'inta. Kwana biyu kafin nan kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 3 a kan dala 499 zuwa 599, ita kuwa Xbox 360 ta kamfanin Microsoft ta riga ta shekara a kasuwa. Su biyun suna nuna hoto tangaran irin na sababbin talabijin masu faɗi. Wii kuwa hotonta na tsohon yayi ne, kayan cikinta ma kwaskwarima aka yi wa na yayarta GameCube, aka yanka mata farashin dala 250.

Da ƙura ta lafa, wannan mai raunin ce aka sayi fiye da guda miliyan 101 nata, ta bar manyan biyu a baya. Faifan da ake haɗawa da ita, wato Wii Sports, wanda ya ƙunshi ƙananan wasannin motsa jiki guda biyar, ya kai kwafi kusan miliyan 83, adadin da ya shigar da shi sahun wasannin bidiyo da aka fi saye a tarihi. Silar wannan duka ita ce abin riƙonta, wani rimot mai kama da na talabijin. Idan mutum ya kaɗa shi kamar mai buga tanis, sai ɗan mutumin da ke cikin allo shi ma ya kaɗa raket ɗinsa.

Abin da akasarin masu riƙe da rimot ɗin ba su sani ba shi ne, bai san inda hannunsu yake ba. Bai san ko sun ɗaga shi sama da kai ko yana daidai gwiwa ba, bai kuma san ko a tsaye suke ko a kishingiɗe ba. Kaɗan ƙwarai yake ji daga motsin jiki, sauran kuwa masu tsara wasan ne suka cike da dabara har aka kasa ganin giɓin. Wannan rufin asiri da wasan ya yi wa na'urar shi ne ya kamata a fahimta, domin kamfanonin da suka biyo baya da na'urorin da suka fi gani nesa ba kusa ba, ba su samu irin wannan karɓuwa ba.

Kamfanin da aka kusa turewa gefe

Nintendo tsohon kamfani ne. An kafa shi a birnin Kyoto a 1889 yana buga katin wasa na gargajiyar Japan, kuma sai bayan kusan ƙarni guda ya zama sarkin wasan bidiyo na cikin gida. Amma a farkon shekarun 2000 sarautar ta kuɓuce masa. GameCube ta tsaya a guda miliyan 22 ba kaɗan, alhali PlayStation 2 ta haura miliyan 150. Satoru Iwata, wanda ya karɓi shugabancin kamfanin a 2002, ya lura da cewa gasar ƙarfin inji da kyan hoto gasa ce ta masu ƙaton aljihu, kuma Sony da Microsoft sun fi shi aljihu.

Ya kuma lura da wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon gem ya ga abin da matasa ke riƙewa suna buga ƙwallo: maɓallai fiye da goma, da 'yan sanduna biyu da ake juyawa da manyan yatsu, kowanne da aikinsa. Yaron da ya taso da shi ba ya ko kallonsa. Amma a miƙa wa mahaifinsa ko kakarsa, sai su juya shi sau biyu su mayar, su ce wannan ba nasu ba ne. Kowace sabuwar na'ura kuma ƙara maɓallai take yi, ke nan kasuwar tana ƙara zurfi ga waɗanda ke ciki, tana ƙara tsawon katanga ga waɗanda ke waje. Iwata ya ƙudura cewa mutanen wajen zai nema, kuma su ne suka fi yawa.

Shi ya sa da ya nuna sabon abin riƙon a bajekolin wasanni na Tokyo a watan Satumban 2005, siffar rimot ɗin talabijin aka ba shi, abin da babu gidan da ba a saba da shi ba, ana kuma riƙe shi da hannu ɗaya. Akwai wata tsohuwar aƙida a kamfanin da ake jingina wa injiniya Gunpei Yokoi, wanda ya ƙirƙiro Game Boy, cewa a ɗauki fasahar da ta kwana biyu ta yi araha a nema mata sabon aiki. A kan wannan turba aka gina rimot ɗin.

Me ke cikin cikinsa?

Abu na farko wata 'yar ƙwaya ce da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, ƙirar kamfanin Analog Devices na Amurka, mai lamba ADXL330. Za mu iya kiranta ma'aunin fizga. A cikinta an sassaƙa wani ɗan mitsitsin nauyi na silikon, an rataye shi a kan sifirin da ido ba ya iya gani. Gefen nauyin yana da haƙora kamar na matsefi, waɗanda suka shiga tsakanin wasu haƙoran da ke kafe. Idan aka fizgi rimot ɗin, nauyin yakan ɗan yi jinkiri kafin ya bi, sai tazarar haƙoran ta sauya, yawan cajin lantarkin da ke tsakaninsu ya sauya, na'urar ta karanta wannan sauyi ta mayar da shi lamba. Tana yin haka ta fuska uku: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Irin wannan ƙwaya ba don wasa aka fara yin ta ba. Tun a shekarun 1990 masu ƙera motoci ke sa ta domin ta ji karo ta buɗe jakar iska, kuma yawan da suka saya ne ya karya farashinta har ta isa hannun masu kayan wasa.

Mai karatu ya ƙaddara fasinja ne aka ɗaure wa ido a cikin mota. Idan direba ya figi motar zai ji bayansa ya manne da kujera, idan ya taka birki zai ji ya rusuna gaba, idan aka hau tudu zai ji jikinsa ya karkata. Amma idan motar ta daidaita gudu a kan shimfiɗaɗɗen titi, ba zai iya faɗin ko tana gudun kilomita 40 ne ko 100 ba, balle ya faɗi garin da aka kai. Haka ma'aunin fizga yake. Yana jin sauyin gudu, yana kuma jin janyowar ƙasa, wadda da ita yake gane cewa an karkata rimot sama ko an mirgina shi gefe. Idan aka ajiye rimot a kwance aka juya bakinsa daga gabas zuwa arewa a hankali, ba zai ji komai ba, domin ƙasa tana nan inda take a ƙarƙashinsa.

A kan takarda ana iya lissafo wuri daga fizga: a tara fizga a samu gudu, a tara gudu a samu nisa. A aikace kuwa ɗan kuskuren da ke cikin kowane awo shi ma taruwa yake yi, sau biyu ma, ta yadda cikin 'yan daƙiƙoƙi lissafin zai ce hannun mutum ya fita ta taga. Ga kuma wata iyakar: ƙwayar tana auna fizgar da ta kai kimanin ninki uku na janyowar ƙasa ne, abin da ya wuce haka duk ɗaya ne a wurinta. Ƙato ya kai duka da iya ƙarfinsa, yarinya ta kaɗa wuyan hannunta da zafin nama, lambar da za ta isa na'urar kusan guda ce.

Abu na biyu wata 'yar kyamara ce a bakin rimot ɗin, ƙirar kamfanin PixArt na Taiwan, wadda ba ta ganin komai sai hasken infirared, irin wanda idon ɗan Adam ba ya gani. A nan akwai abin dariya. Siririyar sandar da ake ɗorawa a kan talabijin, wadda sunan da kamfanin ya ba ta ke nuna kamar ita ce mai gano motsi, ba ta gano komai. Fitilu ne kawai guda goma a cikinta, biyar a kowane gefe. Kyamarar da ke hannun mai wasa ce ke hango su a matsayin ɗigo biyu. Daga inda ɗigon suka faɗo a idonta ake sanin inda aka nuna, daga tazarar da ke tsakaninsu ake ƙiyasta nisan mutum da talabijin, daga karkatar layinsu kuma ake sanin an murɗa hannu. Ba a jima ba mutane suka gano cewa idan sandar ta lalace, kyandir biyu a gaban talabijin suna yin aikinta, kamar yadda hasken rana ta taga yake rikita ta. Kyamarar ba ta aika hoto, wurin ɗigo huɗu kacal take iya bi, ta tura lambobinsu ta Bluetooth. Araharta da ingancinta sun sa wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Carnegie Mellon, Johnny Chung Lee, ya mayar da rimot ɗin allon koyarwa na zamani a kan kuɗi ƙalilan, bidiyonsa ya zaga duniya, daga baya Microsoft ta ɗauke shi aiki.

Sai dai kyamarar tana aiki ne kawai idan bakin rimot na kallon talabijin. Mai kaɗa raket kuwa bakin rimot ɗinsa yana kallon rufi, ya kalli bango, ya kalli ƙasa. Saboda haka a tsakiyar wasan tanis, fasinjan nan mai ɗaurarren ido shi kaɗai ne ke ba da labari.

Yadda wasan ya rufa wa rimot asiri

A nan ne gwanintar masu tsara Wii Sports ta fito. A wasan tanis, mai wasa ba ya tafiyar da ɗan wasansa ko taku ɗaya. Na'urar ce ke kai shi inda ƙwallo za ta faɗo. Abin da aka bar wa mutum shi ne lokacin bugu. Idan ya kaɗa da wuri ƙwallo ta tafi wannan kusurwa, idan ya ɗan jinkirta ta tafi waccan. Rimot ɗin yana ba da rahoton cewa an yi fizga, ta wane gefe, da wane irin zafi, sai wasan ya zaɓi motsin da ya fi kama da hakan daga cikin waɗanda aka riga aka zana ya nuna. A daidai wannan lokaci rimot ɗin yakan girgiza a tafin hannu, ƙaramar lasifikar da ke jikinsa ta yi ƙarar haɗuwar ƙwallo da raket. Ido ya gani, kunne ya ji, tafin hannu ya ji, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa ai bugun nan nata ne. Mutumin da ya murɗa kafaɗa ya lanƙwasa gwiwa yana ganin duk wannan ya shiga lissafi, alhali na'urar ba ta san ya yi ba.

Wasan bolin, wanda ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan dogon katako domin a kayar da 'yan sanduna goma masu siffar kwalba, shi ne ya fi dacewa da abin da ƙwayar ke iya ji, kuma ina ganin shi ya sa ya fi sauran daɗewa a zukatan mutane. Mutum zai danne maɓalli ɗaya da ke ƙarƙashin rimot, ya kai hannu baya, ya kawo shi gaba, ya saki maɓallin. Sakin maɓallin ya gaya wa na'ura ainihin lokacin da ƙwallo ta bar hannu, babu buƙatar ta yi hasashe. Lilon hannu ya ba ta gudu, murɗa wuyan hannu kuma, wanda ma'aunin ke ji sarai, ya ba ta lanƙwasar da ƙwallo za ta yi. Ga shi kuma bi da bi ake yi, ba a gaggawa, ana iya yi daga kan kujera. Gidajen kula da tsofaffi a Amurka da Birtaniya sun rungume shi har suna shirya gasa a tsakaninsu, mutanen da ƙwallon gaske mai nauyin kilo shida ko bakwai ta fi ƙarfin kafaɗarsu suka dawo fagen da suka yi bankwana da shi.

Besbol da golf sun bi sawu ɗaya: an cire duk abin da ke buƙatar tafiya, an bar bugu. Dambe ne kaɗai ya tona asiri. Shi yana buƙatar a san inda hannu biyu suke a kowane lokaci, ga naushi na zuwa a jere, don haka aka haɗa rimot da wani ƙaramin abin riƙo mai suna Nunchuk a ɗaya hannun. Sau da yawa mutum zai kai naushin ƙasa ɗan wasansa ya kai na sama, ko ya tsaya yana kallo. Masu sharhi sun yi ta kukan haka tun a makon farko.

Akwai kuma wasu abubuwa biyu da ba na fasaha ba waɗanda suka yi aiki ba kaɗan ba. Na farko, 'yan mutanen cikin allo da ake kira Mii, waɗanda kowa ke zana nasa da kamanninsa, da gilashinsa da sanƙonsa, ta yadda kaka za ta ga kanta tana kayar da jikanta. Na biyu, sanya faifan kyauta a cikin kwalin na'urar. Reggie Fils-Aimé, shugaban reshen kamfanin na Amurka a lokacin, ya bayar da labari a littafinsa na 2022 cewa shi ya dage a yi hakan, kuma da farko Iwata da Shigeru Miyamoto, mahaliccin Mario, ba su so a ba da guminsu kyauta ba. A ƙarshe aka haɗa shi a Amurka da Turai, a Japan kuwa daban aka sayar. Sakamakon shi ne duk wanda ya kai ziyara gidan da ke da Wii, cikin minti biyu an miƙa masa rimot yana wasa, ba tare da an koya masa komai ba. Baƙin nan su suka zama masu saye na gaba.

Fasassun talabijin da ciwon kafaɗa

Tun da mutane sun gaskata cewa ƙarfin bugu yana da amfani, sai suka dinga bugawa da gaske. Tafin hannu ya yi gumi, rimot ya suɓuce, siririyar igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu ta tsinke, sai dai a ji tas a fuskar talabijin. Cikin wata guda da fitowar na'urar, a Disamban 2006, Nintendo ya sanar da cewa zai musanya igiyoyi kimanin miliyan 3.2 da masu kauri, a shekarar da ta biyo baya kuma ya fara raba rigar roba da ake sa wa rimot ɗin. A watan Yunin 2007 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wasiƙar wani likita ɗan Sifaniya, Julio Bonis, wanda ya bayyana ciwon jijiyar kafaɗa da ya biyo bayan sa'o'i na tanis ɗin Wii. Dalilin a fili yake: mai tanis na gaske gudu da nauyin raket za su gajiyar da shi ya huta, mai na falo kuwa babu abin da zai tsayar da shi, ga shi yana dukan iska, babu abin da ke tare hannun.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ko wasan yana maye gurbin motsa jiki, domin iyaye da yawa da wannan hujja suka saya. Masu bincike a Jami'ar Liverpool John Moores sun auna yara 11 'yan shekara 13 zuwa 15, suka buga sakamakon a mujallar BMJ a Disamban 2007. Sun samu cewa bolin da tanis da damben Wii sun fi wasan zaune cin kuzari, amma ba su kai wasannin gaske ba, ba su kuma kai zafin motsa jikin da ake so yaro ya samu a kullum ba. Yara kuwa, da suka fi kowa saurin gano lagon abu, tuni suka fahimci cewa kaɗa wuyan hannu daga kan kujera ya wadatar, har ma ya fi ba da maki.

Asibitoci ma sun shiga ciki, musamman wajen farfaɗo da hannun waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙananan gwaje-gwaje na farko sun ba da ƙwarin gwiwa. Daga baya wata tawaga ƙarƙashin Dokta Gustavo Saposnik na birnin Toronto ta yi babban gwaji da majinyata 141 a Kanada da Ajantina da Peru da Tailan, aka buga a mujallar Lancet Neurology a 2016. An raba su biyu, dukkansu suna karɓar kulawar da aka saba. Rukuni ɗaya aka ƙara musu zama goma na awa ɗaiɗai da Wii cikin mako biyu, ɗaya rukunin aka ba su lokaci daidai da wannan suna wasan kati da jefa ƙwallo da makamantansu. Duka rukunan sun samu sauƙi, kuma babu wanda ya fi wani. Ga asibitin da ba shi da kuɗin sayen na'ura, ko wutar da zai kunna ta, wannan sakamako albishir ne, domin ya nuna cewa maimaita motsi da hannun shi ne maganin, da kati aka yi ko da rimot.

Da idon ya buɗe

Nintendo ya san makantar rimot ɗinsa. A 2009 ya fitar da wani ɗan ƙari da ake maƙalawa a gindinsa, MotionPlus, mai ɗauke da ma'aunin juyi. Wannan ƙwayar tana da wani sashe da ke karkarwa ba tsayawa, idan aka juya ta sai karkarwar ta gauce gefe gwargwadon saurin juyin, a auna gaucewar. Da ita aka samu abin da aka yi alkawari tun farko: a Wii Sports Resort, mai wasanni 12, takobi yana bin hannu duk inda ya karkata, raket ɗin tebur tanis yana yanka ƙwallo. Ita ma tana da nata ciwon, domin kuskurenta yana taruwa a hankali, shi ya sa wasan kan ce a kifa rimot a kan tebur ya nutsu kafin a ci gaba. An sayi faifan fiye da miliyan 30, adadi mai yawa, amma bai kai rabin na farko ba.

A 2010 manyan biyu suka shigo. Sony ya kawo PlayStation Move a watan Satumba, sanda mai ƙwallo mai haske a kai, kyamara a kan talabijin tana bin ƙwallon, girmansa a idonta yana faɗa mata nisansa. A wajen daidaito ya fi Wii ba tantama. Microsoft kuwa ya yi watsi da abin riƙo gaba ɗaya. Kinect, wadda ta fito a watan Nuwamba a kan dala 150, tana watsa dubban ɗigon infirared a cikin ɗaki, kyamara ta duba yadda jikin mutum ya gurɓata tsarin ɗigon, daga nan ta fitar da zurfi, ta zana ƙwarangwal mai gaɓoɓi 20. Fasahar ta kamfanin PrimeSense na Isra'ila ce. An sayi guda miliyan 8 cikin kwana 60 na farko, har ta shiga kundin Guinness.

Amma ganin jiki duka bai haifar da wasan da ya fi daɗi ba. Kinect tana son fili kusan mita biyu a gaban talabijin, abin da gidaje da yawa a Tokyo ko Landan ba su da shi. Akwai ɗan jinkiri tsakanin motsi da abin da ke fitowa a allo. Mafi muni, babu komai a hannu: babu maɓallin da zai ce yanzu na saki ƙwallo, babu girgizar da za ta ce ka buga. Abubuwan nan biyu da suka rufa wa Wii asiri su aka jefar. Da Microsoft ya tilasta haɗa sabuwar Kinect da Xbox One a 2013, farashin ya zama dala 499 a lokacin da PlayStation 4 ke dala 399. Masu saye suka juya baya, a 2014 aka raba su, a 2017 aka daina ƙera ta.

Shi kansa Nintendo bai tsira ba. Mutanen wajen katanga da ya jawo ba masu sayen sabon faifai kowane wata ba ne, kuma kasuwar Wii ta cika da tarkacen wasannin da ba su da komai sai kaɗa hannu barkatai. A daidai lokacin ne kuma wayoyin zamani suka iso da wasanni na kyauta ko na dala ɗaya, suka kwashe waɗannan mutane. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2012 kamfanin ya yi asarar shekara, abin da bai gani ba cikin shekaru talatin, kodayake tsadar kuɗin yen da karya farashin wata na'urarsa ta hannu sun taimaka. Magajiyar Wii, wato Wii U, ta tsaya a guda miliyan 13 da rabi.

Fasahar dai ba ta mutu ba, wurin zama ta sauya. Wayar da mai karatu ke duba wannan rubutu da ita tana ɗauke da jikar waccan ƙwaya, ita ce ke juya allo idan an kwantar da waya, ita ce ke ƙirga taku. Kamfanin Apple ya sayi PrimeSense a 2013, kuma ɗigon infirared da iPhone ke watsawa a fuskar mai ita tun 2017 domin ya buɗe, dabarar Kinect ce aka ƙanƙance. Sandunan Move sun samu sabon aiki a 2016 tare da gilashin PlayStation VR. A wasannin harbi irin su Splatoon, ƙwararru suna saita nishi da ɗan karkata hannu, motsin da wanda ke gefe ba zai ma lura da shi ba.

A watan Afrilun 2022 Nintendo ya dawo da tsohon wasansa a kan na'urar Switch da sunan Nintendo Switch Sports, aka ƙara badminton da ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa, har da maɗaurin da ake sa wa a cinya domin a yi shuri. Kowane ɗan abin riƙo na Switch yana da ma'aunin fizga da na juyi a haɗe, waɗanda suka fi na 2006 nesa. Duk da haka, a filin tanis har yanzu na'urar ce ke tafiyar da ɗan wasa zuwa inda ƙwallo za ta faɗo, mai riƙe da rimot lokacin bugu kawai aka bar masa, kuma kafin a fara sai allo ya tuna masa ya ɗaura igiya a wuyan hannu.